Kuɗin tallafin korona ga manoman Amurka: wa aka ceta a Gundumar Dawson?

Sani_Direba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ido a harkar noma, musamman na nan Amurka. Ni direban babbar mota ne, ina dakon abincin shanu a tsakiyar jihar Nebraska, yawanci cikin Gundumar Dawson, tsakanin Lexington da Cozad da Gothenburg. Karkara ce sosai. Mutanenta kusan 24,000 ne, amma shanun da ke cikinta sun ninka mutanen sau da yawa. Ban da shanu sai masara da ciyawar alfalfa, duk da ban-ruwa a gefen kogin Platte.

Wani abokin aiki ya nuna mini shafin wata ƙungiya mai suna EWG, inda suke jera kuɗin da gwamnati ta ba manoma, gunduma-gunduma, har da sunan wanda ya karɓa. Na duba na lokacin korona. Manyan gidajen turka shanu sun kwashi ɗaruruwan dubban daloli, masu ƙananan gonaki kuma wani ɗari biyar, wani dubu ɗaya da 'yan kai. To ni abin da ya ɗaure mini kai, idan sunan abu tallafi, ba wanda ya fi rauni ya kamata ya fi samu ba? Ko akwai abin da ban gane ba?

Dattijon_Daura:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kafin a yi nisa, kuɗin nan bashi ne ko kyauta? Don mu a nan in ka ji an ce tallafin manoma, to ka shirya biya da kuɗin ruwa.

MalaminGona:
Baba, kyauta ce, ba a mayarwa, sai dai ana lissafa ta cikin kuɗin shigar da mutum zai biya wa haraji.

Malam Sani, bari in shimfiɗa yadda abin ya taso, sai kowa ya yi hukunci. A ranar 27 ga Maris 2020 aka sa hannu a dokar CARES, ta kusan dala tiriliyan 2.2. Daga cikinta da kuma wani tsohon asusun ma'aikatar noma aka haɗa shirin da ake kira CFAP, wanda Sonny Perdue, sakataren noma na lokacin, ya kula da shi. An sanar da dala biliyan 19 a watan Afrilu: biliyan 16 kuɗi kai tsaye ga manoma, biliyan 3 kuma don sayen kayan gona a raba wa mabukata cikin kwalaye. An buɗe rajista ranar 26 ga Mayu a ofisoshin FSA, wato reshen ma'aikatar noma da ke da ofis a kusan kowace gundumar manoma.

Abin da ka gani a shafin nan daga tsarin lissafin ya fito. Ba a tambayi kowa halin da gidansa yake ciki ba. An tambaye shi nawa ya noma, nawa ya sayar, nawa ke hannunsa. Sa da aka gama turkawa aka sayar tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, dala 214 ne kan kowane ɗaya. Shanun da ke tsaye a garke kuwa dala 33 kowanne. Wanda ya sayar da dubu ya tashi da 214,000. Mai shanu ashirin da bai sayar da ko ɗaya ba ya tashi da 660. Ka ga ba sai an yi maguɗi ba kafin jerin ya fito yadda ka gan shi.

Sani_Direba:
Na gode Malam. To amma ba iyaka? Mai shanu dubu hamsin sai a yi ta ninka masa?

MalaminGona:
Akwai. Dala 250,000 ga mutum ɗaya ko gona ɗaya. Amma idan kamfani ne mai masu hannun jari uku, kuma kowannensu ya nuna ya yi aikin awa 400 a gonar, ko da hannu ko da gudanarwa, iyakar tana hawa zuwa 750,000. An kuma ce wanda kuɗin shigarsa ya wuce dala 900,000 a shekara ba ya ciki, sai fa idan kashi 75 cikin ɗari na kuɗin daga noma ko kiwo yake samunsa. Wannan "sai fa" ɗin shi ya buɗe wa manya ƙofa.

Zango_Bronx:
Hahaha. Wato mai kuɗi ba zai samu ba, sai idan mai kuɗin manomi ne. Wanda ya rubuta dokar nan ya san aikinsa.

Injiniya_Omaha:
Ni kam ina ganin ana yi wa manyan nan rashin adalci a zauren nan. Malam Sani, kai da ke shiga gidajen turkar nan ka fi kowa sanin abin da ya faru a Afrilu da Mayu na 2020. Mayankai suka fara rufewa ko rage aiki saboda ma'aikata sun kamu. Sa ya kai nauyin yanka, babu inda za a kai shi, kuma kullum sai ya ci. Mai shanu dubu goma yana ƙona kuɗin abinci kowace safiya, farashi kuma yana zubewa. Asararsa ta mako guda ta fi jarin mai shanu ashirin gaba ɗaya. Dala 250,000 a wurinsa ba ta rufe ko kwatan ramin ba. Mai shanu ashirin ɗin da ake tausaya wa, galibi yana da wani aiki a gari, ko shi ko matarsa, kiwon na gefe ne. Ya kuma karɓi dala 1,200 da aka ba kowane baligi mai matsakaicin samu. Manufar shirin ita ce kada masu ciyar da ƙasa su durƙushe, ba rabon sadaka ba ce.

Uwar_Amira:
Injiniya, ka ambaci ma'aikatan mayanka ka wuce kamar ba mutane ba. Maigidana a mayankar shanu yake aiki a lokacin, a wata jiha, ba zan faɗi sunan wurin ba. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a kan layi. Ya kwaso cutar ya kawo gida, ni da yara duk muka kwanta, Allah ne ya yi da sauran kwana. A ƙarshen Afrilu shugaban ƙasa ya ba da umarnin a bar mayankai a buɗe, ka ga ke nan naman ba zai tsaya ba, mutum ne zai tsaya. An biya mai sa dala 214 saboda farashi ya faɗi. Wanda ya riƙe wuƙar me aka ba shi?

MalaminGona:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Maganarki tana da hujja a rubuce. Wani kwamitin majalisar wakilai ya fitar da rahoto a Oktoba 2021 cewa a manyan kamfanonin nama biyar kaɗai, aƙalla ma'aikata 59,000 ne suka kamu a shekarar farko, 269 suka rasu. Sai a Satumba 2021 aka sanar da wani shiri na ba ma'aikatan gona da na mayanka dala 600 kowanne, sau ɗaya, ta hannun ƙungiyoyi, kuma kuɗin ya ɗauki lokaci kafin ya isa hannun mutane.

Uwar_Amira:
Amin, na gode. Ɗari shida ɗin ta zo, bayan an manta ma da zancen. Kuɗin sa uku bai cika ba in ka lissafa.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Ni ina karatu ina mamaki ne kawai. Gwamnati ta san yawan shanun mutum har ta biya shi kai-kai? Mu nan a shekarar, ga iyakar Najeriya a rufe tun Agustan 2019, ga korona ta zo ta ƙara. Dillalan da ke sauko da raguna Jibiya da Illela sun sha wuya. Ba wanda ya ƙirga wa kowa ko akuya. Ku da ake ba ku har kuna gardamar wa ya fi samu, ku gode wa Allah.

Dattijon_Daura:
Ka faɗi gaskiya ɗan'uwa. Mu abin da muka gani shi ne rumbunan kayan tallafi da jama'a suka fasa a Oktoban 2020, a Jos da Legas da sauran wurare, aka ga taliya da shinkafa jibge. A unguwarmu an zo an rubuta sunaye, daga nan shiru. Aƙalla su can ana iya buɗe shafi a ga wa ya karɓi nawa. Wannan kaɗai ya ishe ni sha'awa.

Zango_Bronx:
Baba, a gani ɗin ne ke sa hawan jini ai. Gara naku da ba ku gani ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, a dawo kan tambayar Malam Sani. Maganar rumbunan Najeriya mun yi ta a wani zaren har ta gaji.

Ɗiyar_Makiyaya:
Ina so in gyara wa Injiniya wani abu. Ya ce an biya manyan ne saboda asarar Afrilu da Mayu. Duba ranakun da MalaminGona ya kawo. Dala 214 ta tsaya ne a 15 ga Afrilu. Rufe mayankai kuwa a lokacin ne ya fara tsanani: ta kamfanin Smithfield a Sioux Falls an rufe ta wajen 12 ga wata, ta kamfanin Tyson a Waterloo kuma 22 ga wata, sauran suka biyo baya. Wato wanda ya sayar da shanunsa a Janairu, farashi na da kyau, korona ba ta ma shigo gari ba, ya karɓi 214. Wanda shanunsa suka maƙale ya sayar a Mayu da asara ya karɓi 33. Makiyayan Amurka da kansu sun yi ta kuka a kan wannan ranar. Don haka ko a tsakanin manyan ma, sa'a ta yi aiki fiye da asara.

Injiniya_Omaha:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa a zagaye na biyu na shirin aka ba da dala 55 kan kowane kan shanu, ban da waɗanda aka ajiye don haihuwa, sannan aka yi ƙari a 2021. Amma ki lura, matsalar da kika kawo ta rana ce, ba ta girman gona ba. Ba ta rushe maganata ba. An yi shirin ne cikin makonni, ofisoshi a rufe, ana cika fom ta waya. Dole a samu inda ya karkace.

Ɗiyar_Makiyaya:
Yaya Injiniya, gaggawa uzuri ce a zagayen farko. Na biyu fa, da aka yi wata biyar ana kallo?

Bakano_a_Kansas:
Na biyun ai siyasa ce tsagwaronta. Trump a wurin gangamin yaƙin neman zaɓe ya sanar da shi, a Wisconsin, cikin Satumba 2020, saura mako bakwai a kaɗa ƙuri'a. Har dala biliyan 14. Kwalayen abincin ma sai da aka saka wasiƙa mai sa hannunsa a ciki. Kafin korona kuma an riga an ba manoma kimanin biliyan 23 a 2018 da 2019 saboda rikicin ciniki da Chaina. Gundumomi irin su Dawson an san inda ƙuri'arsu take zuwa.

Injiniya_Omaha:
Dokar CARES ƙuri'a 96 ta samu a majalisar dattawa, babu ko ɗaya da ya ƙi. Kuma da Biden ya hau bai soke shirin ba, sakataren nomansa Tom Vilsack ƙari ma ya yi, dala 20 kan kowace eka ga masu hatsi. In siyasa ce to ta jam'iyyun biyu ce.

Bakano_a_Kansas:
Ai ban ce ta mutum ɗaya ba ce. Kowace jiha sanata biyu gare ta, ko Nebraska ko Kalifoniya. Wa zai taɓa manomi?

MalaminGona:
Ku bar ni in sa lamba a tsakaninku. A 2020 kuɗin da gwamnati ta biya manoma kai tsaye ya kusa dala biliyan 46, wajen kashi 40 cikin ɗari na ribar noman ƙasar a shekarar. Ba a taɓa biyan irinsa ba. Kuma ga inda abin ya fi ba ni tunani a matsayina na ɗalibin tattalin arzikin noma. A Afrilu masara ta faɗo kusa da dala 3 kan bushel, wato awo mai kimanin kilo 25, saboda mutane sun daina tuƙi, masana'antun itanol, wato man da ake yi da masara ana haɗawa da fetur, suka tsaya, kuma Nebraska ita ce ta biyu a itanol bayan Iowa. A lokacin tsoron gaskiya ne. Amma daga ƙarshen damina Chaina ta shiga sayen masara da waken suya da ƙarfi, farashi ya dinga hawa har masara ta haura dala 7 a Mayun 2021. Rajistar zagaye na biyu kuwa daga 21 ga Satumba zuwa 11 ga Disamba aka yi ta, daidai lokacin da kasuwa ke farfaɗowa. Manomin masara da yawa ya karɓi diyyar faɗuwar farashi, ya kuma sayar da amfaninsa da tsada. Mai turka shanu kuwa tsadar masarar nan a kansa ta ƙare, don shi saye yake yi. A gunduma ɗaya, maƙwabta biyu, labari biyu.

Game da rabon, gidan talabijin na NBC ya bi bayanan biyan farko a Agustan 2020. Kashi 1 cikin ɗari na sama sun ɗauki fiye da kashi 20 na kuɗin, kashi 10 na sama sun ɗauki fiye da kashi 60, kashi 10 na ƙasa kuma matsakaicin abin da suka samu wajen dala 300 ne.

Mai_Awaki_Texas:
Bari ku ji daga bakin ƙaramin. Ina da 'yan kadada a wajen gari, ina kiwon awaki da tumaki, ina sayar wa 'yan'uwa musulmi lokacin layya da suna. A zagayen farko babu awaki a jerin kwata-kwata. A na biyu aka saka su, kuma lissafin ya bambanta: ana duba cinikin da ka yi a 2019, a ba ka kashi 10.6 cikin ɗari idan bai kai dala 50,000 ba, kason yana raguwa in ciniki ya ƙaru, har zuwa 8.8 ga wanda ya wuce miliyan. Wannan ɓangaren kam ya ɗan karkata ga ƙarami. Na nema na samu, na sayi ciyawar hunturu da shi na gyara shinge.

Abin da ya hana mutanenmu da yawa ba ƙin su aka yi ba. Ba su da lambar gona a ofishin, ba su ajiye rasit, ciniki duk hannu da hannu ne, ba sa nuna shi a takardar haraji. Bature manomi kakansa ma yana da fayil a ofishin nan, kiran waya ɗaya ya gama. Kai kuwa sai ka fara daga takardar fili.

Dan_Maradi:
Alhaji Mai Awaki, baƙo ma ana ba shi?

Mai_Awaki_Texas:
Mai katin zama na dindindin yana ciki. Ni da shi na nema.

Zango_Bronx:
Tunda an zo nan, a faɗi na baƙaƙen fatar Amurka ma. Vilsack da bakinsa ya ce abin da manomansu suka samu a tallafin koronar bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. Da aka zo a 2021 za a yafe musu bashin gwamnati, su da sauran tsiraru, kimanin dala biliyan 4, sai fararen manoma suka kai ƙara cewa wariya ce, kotuna suka dakatar a watan Yuni. Kuɗi bisa yawan shanu ba wariya ba ne, amma wannan wariya ce. To.

Injiniya_Omaha:
Ɗan'uwa, kotu ta duba abin da kundin tsarin mulki ya ce ne game da raba kuɗi bisa launin fata. A 2022 an soke wancan sashen aka maye shi da biliyan 3.1 ga duk manomin da bashi ya shaƙe, da biliyan 2.2 ga wanda ya nuna an taɓa nuna masa wariya wajen ba da rance. Wannan ya fi tsayawa a gaban alƙali.

Zango_Bronx:
Ya fi tsayawa, bayan shekara nawa? Na shanu cikin makonni ya shiga asusu.

Sani_Direba:
Na karanta duka, Allah ya saka. Yau na kai kaya wata gona, na yi wa dattijon da ke wurin tambayar a fakaice. Yana da shanu 'yan ɗaruruwa, ba babba ba ne ba kuma ƙarami ba. Ya ce kuɗin bai kwana a hannunsa ba, banki da mai sayar da abincin dabbobi suka raba. Ya ce ba don shi ba da ya sayar da rabin garken a lokacin da ba mai saye. Amma ya ƙara da cewa shi ba gwamnati ce ta fi ba shi haushi ba. A watannin nan naman kanti ya yi tsadar da bai taɓa gani ba, shi kuma ana taya sansa da arha. Ya ce da za a gyara wannan, ba ya bukatar cakin kowa.

Ɗiyar_Makiyaya:
Dattijon nan ya taɓo inda ke ciwo. Kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin ɗari na shanun turka a Amurka. In biyu sun rage aiki, makiyayi ba shi da wurin zuwa. Kuɗin jama'a ya toshe ramin makiyayi, ribar tsadar nama kuma ta tsaya a tsakiya.

Injiniya_Omaha:
Su ma mayankan suna aiki da rabin ma'aikata a lokacin, nama ya yi ƙaranci a kanti, shanu sun yi yawa a turke. Ko kamfani arba'in ne farashin haka zai yi.

Ɗiyar_Makiyaya:
Da arba'in ne, ba za a rufe kwatan yankan ƙasa da rufe gini uku ko huɗu ba.

Uwar_Amira:
Malam Sani, in ka koma wurin dattijon ka tambaye shi ma'aikatan da ke ba shanun nasa abinci, ko ya ƙara musu wani abu daga ciki. Ba da faɗa ba, ina son in sani ne kawai.

Sani_Direba:
In sha Allahu Hajiya. Shi da ɗansa ne da wani ɗan Guatemala guda ɗaya, zan tambaya in na samu fuska.

Dattijon_Daura:
MalaminGona, wata tambayar. Masu kiwon kaji fa? Ɗana yana Arkansas, ya ce can kaji ne ko'ina.

MalaminGona:
Baba, su nasu ya fi rikitarwa. Yawancinsu kiwon kwangila suke yi: kamfani ne mai kajin da abincin, manomi nasa ginin da wahalar da bashin banki. Tunda sharaɗin farko shi ne ka mallaki abin da farashinsa ya faɗi, sai suka tashi a tutar babu, alhali kamfanoni sun rage kawo musu 'yan tsaki. Sai a Janairun 2021 aka shigar da su, bayan majalisa ta ware musu har dala biliyan 1 a wata doka da aka yi a Disamban 2020.

Dan_Maradi:
Alhaji Mai Awaki, ka yi haƙuri da fita daga zance. Rago mai kyau na layya nawa yake kaiwa a wurinku? Kuma ku kuke yankawa a gona ko sai an kai mayanka?

Mai_Awaki_Texas:
Ya danganta da nauyi da kuma gari. Yanka kuma kowace jiha da dokarta. Turo mini saƙo ta gefe kafin Mai Kula ya kore mu.